Taƙaita littafi shi ne aikin, ba a ba da shi aro

Duk malamin da ya taɓa ba ɗalibai littafin ƙagaggen labari su karanta a gida ya san yadda abin yake ƙarewa. An ba da mako uku, littafi yana cikin jaka ko bango ba a ɗaga ba, sai daren da za a miƙa aiki ido ya raina fata. Nan yaro zai shiga neman mai taƙaita masa, ko yayansa, ko abokin da ya karanta, ko wayar hannu.

Ba yau aka fara ba. Tun 1958 wani Ba'amurke, Clifton Hillegass, ya soma buga 'yan littattafan taƙaitawa na CliffsNotes a jihar Nebraska, kuma ɗalibai suka yi musu rubdugu. A 1999 wasu ɗaliban Jami'ar Harvard suka kawo irin wannan hidima intanet da sunan SparkNotes. Da ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi a rubuce, ya fito a Nuwamban 2022, ko wahalar neman shafin ma ta kau, ka rubuta sunan littafi ya zubo maka sakin layi biyar kafin ka gyara zama. Abin dariyar shi ne, Hillegass da kansa yakan sa gargaɗi a cikin 'yan littattafan nasa cewa ba za su maye gurbin karanta ainihin littafin ba.

Ni dai ba na cikin masu cewa neman taimako laifi ne. Abin da nake so ɗalibi ya gane shi ne dalilin ba shi aikin. Malami ba labarin yake nema ba, ya karanta shi sau goma. So yake yaro ya ɗauki shafi ɗari uku ya matse su zuwa shafi ɗaya, kuma babu yadda za a yi haka sai an yanke hukunci: wane ne ke jan ragamar labarin, wace rigima ce uwa, wace ce reshe, me za a zubar ba tare da ginin ya rushe ba. Wannan zaɓen shi ne darasin gaba ɗaya. Ɗalibai biyu da suka karanta littafi guda da gaske ba za su taƙaita shi iri ɗaya ba. Ɗaya zai ce labarin uba ne da ya kasa sakin ɗansa, ɗaya ya ce labarin ɗa ne da ya kasa yafe wa ubansa, kuma kowa yana da shafin da zai nuna. Wanda aka rubuta wa ya karɓi hukuncin wani ne kawai, in aka ce ya kare shi sai ya yi zuru.

Akwai kuma batun tunawa. A 2006 masanan halayyar ɗan Adam Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa binciken da ya nuna cewa ɗaliban da suka rufe rubutu suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatu riƙe shi bayan mako guda. Rufe littafi ka rubuta abin da ya faru da kanka irin wannan motsa ƙwaƙwalwar ne.

To amma a yi adalci. Wasu littattafan da tsohon harshe aka rubuta su, wasu da harshen da yaro bai gama ƙwarewa a kai ba, wasu kuma mutanen ciki sun kai talatin, sunaye suna ta karo da juna. Akwai yaran da karatu ke yi wa nauyi ba don lalaci ba. Irin waɗannan, jerin sunayen taurarin labari da dangantakarsu kafin a fara karatu babban taimako ne. Haka idan yaro ya gama babi, ya rubuta nasa, sannan ya duba na wani don ya ga abin da ya tsallake. Yayan da ya zauna ya ce, “Ƙanena, ba ni labarin babin nan da bakinka,” ya fi wanda ya karɓi biro ya rubuta masa amfani nesa ba kusa ba.

Masu dogaro da manhajoji irin su ChatGPT kuma su yi hattara. Sukan haɗa sunan wannan da aikin wancan, sukan ƙirƙiro abin da bai faru ba, musamman a littafin da bai yi fice ba, kuma da cikakken ƙarfin hali suke faɗa. Wanda bai karanta ba ba shi da abin gane ƙaryar.

Malamai ma da nasu kason laifin. “Taƙaita babi na huɗu” tambaya ce da na'ura ke amsawa cikin daƙiƙa biyar. A tambayi yaro inda ya daina yarda da tauraron labarin, a wane shafi, kuma wace magana ce ta sauya masa ra'ayi. Ko a ce ya kawo abin da ya zubar daga taƙaitawarsa wanda ya yi masa zafin zubarwa, ya tsaya gaban aji ya faɗi dalili.