Inshorar bashin kanti ba ta biya wa wanda ciniki ya tsaya masa

Mutanenmu da yawa na Aboabo a Kumasi, idan suka je kantunan Adum ɗaukar firji ko talabijin bashi, aka miƙo musu takardar katin bashi haɗe da ta inshora, sai su ɗauka cewa duk ranar da hannu ya bushe, kamfanin inshora ne zai cika ragowar. Wannan kuskure ne mai jefa magidanta cikin wahala.

Irin wannan inshora galibi tana biyan abin da ya rage ne idan mai bashin ya rasu ko ya samu nakasa ta dindindin, wasu kuma sukan haɗa da rasa aikin albashi. Ɗan kasuwar Kejetia da ciniki ya ja masa baya ba ya ciki. Bashin yana nan a wuyansa, kuɗin ruwa yana ta hawa, kuma bisa dokar Ghana ta 2007 kan bayanan masu bashi ana iya kai bayaninsa ga kamfanonin adana tarihin masu bashi, inda kowane banki zai duba kafin ya ba shi rance. Shi ya sa nake roƙon ma'aikacin kanti, kafin ya karɓi Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) na mai ɗaukar bashi ya cike fom, ya bayyana masa sharuɗɗan da Hausa, ya kuma faɗa masa sidi nawa inshorar take ci kowane wata.