Lamar Jackson ya ce albarka, kuma ina bayansa

Shekarata takwas a jihar Maryland, amma sai da na yi uku kafin na iya zama na kalli ƙwallon Amurkawa daga farko har ƙarshe, wadda ake jifa da hannu, ƙarti sanye da hular kwano suna ture juna. Cinikin 'yan wasan ne ya fara jan hankalina kafin wasan kansa. Na taso ina bin kawuna kasuwar shanu ta Wudil, don haka idan na ji ana taya abu, kunnena kan miƙe.

A cikin mutum 11 da ke kai hari, akwai guda da suke kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke yanke shawarar ya jefa, ya miƙa wa wani, ko ya ruga da ita. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, kuma duk wadda ba ta da gwani a wannan gurbin sai dai ta yi ta wahalar banza. Namu na Baltimore Ravens shi ne Lamar Jackson, wanda aka ɗauka na 32 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018, ya zama gwarzon gasar a kakar 2019.

A farkon 2023 ciniki ya cije tsakaninsa da ƙungiyar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba shi da dillali. A nan dillalin ɗan wasa na iya karɓar la'ada har kashi 3 cikin 100, amma Lamar da kansa ya zauna da masu kuɗi. Kawuna da ya ji wannan a waya sai ya ce, "Yaro, mai kaya ba ya iya yabon kayansa yadda dillali zai yaba." Gaskiya ne, kuma 'yan jarida a nan sun yi ta faɗin haka wata da watanni.

Sai dai kasuwar nan ba irin tamu ba ce. A Wudil, idan tayi bai yi maka ba, ka ce albarka, ka ja sanka zuwa gaba. A NFL ƙungiya na da ikon liƙa wa ɗan wasa guda wani tambari da zai riƙe shi shekara ɗaya ko da kwantiraginsa ya ƙare. Haka Ravens suka yi wa Lamar a watan Maris, a kan dala miliyan 32.4. Irin tambarin da suka zaɓa ya bar ƙofa a buɗe: wata ƙungiya na iya tayawa, idan Ravens ba su biya daidai da tayin ba, su karɓi manyan gurabe biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa a madadinsa. Ɗan shekara 26 da ya taɓa zama gwarzon gasar kaf, amma ba a samu ko mutum ɗaya da ya taya ba. Wasu ƙungiyoyin ma tun a ranar aka ji labarin ba sa so. A kasuwar shanu, idan aka kawo bijimi irin wannan kowa ya kau da kai a lokaci ɗaya, ko yaro ya san akwai magana.

Maganar ita ce lamuni. Mutanenmu kan ji an ce wane ya sa hannu a kan dala miliyan ɗari biyu da wani abu, su riƙe baki. Amma a wannan gasar, yawancin kwantiragi ba duka kuɗin aka lamunce ba. Idan ka ji rauni ko ƙarfinka ya ragu, ana iya sallamarka, ragowar kuɗin ya bi iska. A Maris 2022 Cleveland Browns suka karya wannan al'ada, suka bai wa kwatabak Deshaun Watson dala miliyan 230 na shekara 5, kowace dala a lamunce. Lamar ya duba ya ga ya fi Watson nasara a fili, kuma shi da ke yawan gudu da ƙwallo ya fi kowa shan karo. A ƙarshen kakar 2022 ma raunin gwiwa ya hana shi buga wasannin ƙarshe. Me zai hana ya nemi a ɗaure masa kuɗinsa tun jikin yana da sauran ƙarfi?

Abokan aikina Amurkawa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 224.8 a 2023, a raba wa mutum 53. Duk abin da kwatabak ya ƙara, daga kwanon wani aka ɗebo. Sukan kawo misalin shahararren kwatabak Tom Brady da ya riƙa karɓar ƙasa da darajarsa a New England don a sayo masa mataimaka. Sukan kuma nuna Watson, wanda agararsa ta tsinke a Oktoban 2024 amma dole a ci gaba da biyansa. Na ji duka. Sai dai ban ga dalilin da zai sa a ce mai sayar da ƙashinsa da gwiwarsa ne zai yi rangwame ba, alhali darajar ƙungiyoyin da ke hannun attajirai kullum hawa take yi.

A ƙarshen Afrilun 2023 aka sallama: dala miliyan 260 na shekara 5, an lamunce miliyan 185. Bai samu duka abin da ya nema ba, amma a ranar ba wanda ya kai shi albashi a gasar, kuma a kakar da ta biyo baya ya sake zama gwarzo. Kasuwa ba ta tsaya ba. A Satumban 2024 Dak Prescott, kwatabak na Dallas, ya kai miliyan 60 a shekara.

Duk lokacin da nake bin wannan labarin, 'yan ƙwallonmu na gida nake tunawa. A Turai ƙungiya ce ke sayen ɗan wasa daga wata, kamar yadda Napoli ta sayi Victor Osimhen daga Lille a 2020, amma albashin da aka rubuta masa nasa ne har kwantiragi ya ƙare. A gida kuwa, sau nawa muka ji 'yan wasa na bin bashin albashi da kuɗin sa hannu? Wani maƙwabcinmu a Kano ya karye a fili, aka ce ya koma gida ya yi jinya, daga nan ba wanda ya sake neman sa. Yau ɗinki yake yi, yana ɗingishi. Ba shi da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa.

'Yan wasan NFL kuwa suna da ita, kuma ita ce ta kai ƙara kan zargin cewa masu ƙungiyoyi sun haɗa baki. A 2025 hukuncin mai sasantawa ya fito fili. Ya ce ba a kawo isasshiyar shaidar haɗa bakin ba, ya kori ƙarar, amma ya tabbatar cewa a taron masu ƙungiyoyi na Maris 2022 hukumar gasar ta ƙarfafa musu gwiwa su rage kuɗin da suke lamunce wa 'yan wasa. Na karanta wa kawuna wannan a waya, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko yaron nan har yanzu bai ɗauki dillali ba.