A ceto muryar Malam daga kaset

Allah ya jiƙan Malam, ya kyauta makwancinsa. Masu tunawa da marigayi Malam sun ambaci shirye-shiryensa na rediyo da sulhun da ya riƙa yi a unguwa, to ina kaset-kaset ɗin da ke ɗauke da muryarsa? Zafin Kano na Afrilu yana sa zaren kaset ya manne, laimar damina ta kawo fumfuna. Don Allah kada a jefa tsohon kaset cikin rikoda kai tsaye, zaren zai iya tsinkewa. A fara juya shi da biro a hankali, a goge kan rikodar, wato ƙarfen da ke karanta zaren kaset, da auduga da sifirit, sannan a kwafe a kwamfuta a tsarin WAV, wanda ke adana sauti ba tare da matse shi ba, domin MP3 yana rage ingancin murya. A yi kwafi 2, ɗaya wajen iyalansa, ɗaya a kai Jami'ar Bayero.