Ƙona kansar furosteti a inda take kaɗai: kowa ne ya dace da shi?

Idan likita ya ce wa namiji yana da kansar furosteti, wadda muka saba kira kansar mafitsara ko da yake shi furosteti ƙululu ne kamar goro a ƙarƙashin mafitsarar, akwai tambayoyin da kunya ke hana shi furtawa. Bayan tiyata zai iya riƙe fitsari? Zai iya kusantar iyalinsa? Ga mai salla biyar a rana, yoyon fitsari ba ƙaramar jarrabawa ba ce, riƙe alwala ma sai ya zama aiki.

Wannan fargabar ce ta sa ƙona inda cutar take kaɗai ke samun karɓuwa a Birtaniya da Amurka. Maimakon a cire ƙululun ɗungurungum, sai a bi hoton MRI a gano tsiron, a kashe shi, a bar sauran naman da jijiyoyin da ke gefensa. A hanyar HIFU ana sa mutum barci, a zura na'ura ta dubura, ta tattara sautin da kunne ba ya ji a wuri guda, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Wata hanyar kuma daskarar da wurin ake yi da allurai. Galibi a ranar ake sallama, da robar fitsari ta 'yan kwanaki.

Ba na musun amfaninsa. Binciken da aka yi a Birtaniya kan maza 1,379, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa bayan shekara 7, kashi 69 cikin ɗari cutar ba ta bazu a jikinsu ba, kuma ba su buƙaci babbar tiyata ko gashin radiyeshin ba. Sai dai a juya lissafin: kusan ɗaya cikin uku bai tsira da ƙonawar kaɗai ba. Kansar furosteti kan tsiro a wuri fiye da ɗaya, kuma MRI ba ya ganin komai. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ke cewa a yi shi a cikin bincike ko rajistar da ake bibiyar marasa lafiya. Ko izinin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta bayar a 2015 na ƙona naman furosteti ne, ba shaidar warkar da kansa ba.

Ga kuma wani bincike mai suna ProtecT kan maza 1,643 da kansarsu ba ta bazu ba: bayan shekara 15, kimanin kashi 3 ne kansar ta kashe, ko an yi musu tiyata, ko radiyeshin, ko an sa musu ido kawai. Wato wani ma ba ya buƙatar a taɓa shi tukuna.

Damuwata ita ce 'yan uwanmu masu fita Indiya ko Masar neman magani, a nuna musu sabuwar na'ura, su sayar da gona. Aikin ba ya ƙarewa a ranar ƙonawa. Akwai gwajin jini na PSA a kai a kai, da sabon MRI, wani lokacin har da sake ɗibar nama. Wa zai yi wa mutum wannan idan ya dawo Gusau ko Maraɗi? Mafi yawan mazanmu ma ba sa zuwa asibiti sai fitsari ya tsaya ko ƙugu ya hana su tashi, lokacin da cutar ta riga ta shiga ƙashi, babu sauran wuri guda da za a ƙona.