La'adar Gilashi

Wani malamin kimiyya Bazazzagi ya ziyarci abokin wasansa Bakano a shagonsa na Kantin Kwari. Ya ɗora wani gilashi mai fuska uku a inda rana ke shigowa ta ɓular kwano, sai launuka suka zuba a kan farar shadda.

Alhaji: Subhanallahi! Malam, ka ɓata mini shadda, kuma ka sani ba a mayar mini da kaya.

Malam: Kwantar da hankalinka, Alhaji, haske ne kawai ya karkata. A iska yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma idan ya shiga gilashi sai gudun ya ragu zuwa wajen 200,000, saboda haka idan ya shigo a kaikaice dole ya sauya hanya.

Alhaji: Wato ya tarar da shingen bincike. Nawa ake karɓa?

Malam: Bari mu lissafa. Kusurwar saman gilashin digiri 60 ce. Idan hasken ya ratsa ciki a miƙe daidai da gindin gilashin, ya yanke wata ƙaramar alwatika a sama, kuma tunda jimlar kusurwoyinta 180 ce, biyun da suka rage kowace 60 ce. Yanzu ka ja layin da ya tsaya cak a kan fuskar gilashin, wanda ya yi 90 da ita. Ka cire 60, saura nawa?

Alhaji: Saura 30, kuma ban sallama ba.

Malam: Ba ciniki muke yi ba. Wannan 30 ita ce kusurwar hasken da layin a cikin gilashi. A lissafi kowace kusurwa tana da wata lamba da ake kira sayin (sine), sayin ɗin 30 kuwa rabi ne. Ka ninka shi da 1.5, wato 300,000 a raba da 200,000, ka sami 0.75, kusurwar da ke da wannan sayin kuwa 48.6 ce. A haka hasken ya shiga, a haka kuma ya fita ta ɗaya fuskar. Masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta wannan ƙa'ida a Bagadaza wajen shekarar 984, kafin Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621.

Alhaji: Ka ga illar rashin ajiye rasit. To, 48.6 sau biyu 97.2 ke nan.

Malam: Madalla. Sai ka cire 60 ɗin saman, karkatar hasken ta zama 37.2.

Alhaji: Tsaya, Malam! Haske ya yi wahalar shiga, ya yi wahalar fita, gilashi yana zaune bai motsa ba ya kwashe 60? Ko dillalan Kurmi ba sa cin la'adar da ta fi rabin kuɗin kaya.

Malam: Ai kowane launi da nasa lissafin, domin ja ya fi saurin wucewa, sai ya karkata kaɗan, shunayya kuwa ta fi kowa lanƙwasa. Shi ya sa suka rabu.

Alhaji: Fari ɗaya ya shiga, bakwai sun fito. Wannan riba ce! Gobe zan buɗe marina in kashe kasuwar Ƙofar Mata.

Ya janye shaddar domin ya naɗe, sai ya gan ta fara fat.

Alhaji: Rinin Zazzau ke nan, ko wanki bai jira ba.

Malam: Dama launukan suna cikin farin hasken. Masanin kimiyya Newton ya nuna cewa idan aka sake haɗa su da wani gilashin, sai su koma fari.

Alhaji: Rage murya, Malam. Wancan gilashin na biyun, kada ka bari maƙwabcina ya ji labarinsa.