Makarantar da ta ɗora tukunya kafin ta ɗauki alli

Jama'a barkanmu da warhaka. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, abin ne ya tsaya min a rai kwana biyu.

Duk wanda ya taɓa jin sunan ƙungiyar Black Panther ta Amurka, mai fafutukar kare haƙƙin baƙar fata, abin da ke fara zuwa masa a ka shi ne samari baƙaƙen fata sanye da baƙar hula da baƙar jaket ta fata, riƙe da bindiga. Hoton da aka fi yaɗawa kenan. Amma kaɗan ne suka san cewa aikin da ya fi daɗewa a hannun mutanen nan makarantar firamare ce, kuma mata ne suka riƙe ta. Sunanta Oakland Community School, a gabashin birnin Oakland na jihar Kalifoniya, kuma ni a ganina duk malamin da ke koyar da 'ya'yan talaka ya kamata ya san labarinta.

Huey Newton da Bobby Seale ne suka kafa ƙungiyar a 1966. A watan Janairun 1969 suka fara ba yara karin kumallo kyauta a wani coci a Oakland, tun da asuba a soya ƙwai a zuba madara, yaro ya ci ya ƙoshi sannan ya wuce makaranta. Abin ya bazu garuruwa da yawa har shugaban FBI (hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka) na lokacin, J. Edgar Hoover, ya ɗauki shirin ciyarwar nan a matsayin barazana, don ya ga shi ne yake jawo musu ƙaunar jama'a. Daga wannan tukunyar ne tunanin makaranta ya taso. A 1971 suka buɗe 'yar ƙarama don 'ya'yan 'yan ƙungiyar, a 1973 suka koma wani tsohon ginin coci a kan titin East 14th suka buɗe ƙofa ga yaran unguwa baki ɗaya.

Toh me ya sa sai sun buɗe tasu, ba ga makarantun gwamnati nan ba? Ai matsalar kenan. A lokacin a Kalifoniya ana yi wa yara wata jarrabawar auna ƙwaƙwalwa, wanda ya faɗi sai a tura shi ajin da aka ware wai na masu raunin hankali, kuma shiga ajin nan kamar shiga rijiya ne, da wuya ka fito. Yara baƙaƙen fata kusan kashi 10 cikin ɗari ne na ɗaliban jihar amma sun kai kusan kashi 25 na waɗanda aka cusa a irin wannan aji. Sai da iyaye suka kai ƙara kotu a San Francisco a 1971, shari'ar da ake kira Larry P., aka yi ta fafatawa har 1979 kafin alƙali ya yanke cikakken hukuncin hana amfani da jarrabawar wajen tura yaran baƙaƙe can. Ku duba fa, shekara takwas. Yaron da yake aji ɗaya lokacin da aka shigar da ƙarar ya riga ya gama firamare da tambarin daƙiƙi a goshi kafin a ce an zalunce shi.

Matar da ta shugabanci makarantar daga 1973 zuwa 1981 ita ce Ericka Huggins, kuma wallahi labarinta kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shiru. An harbe mijinta John Huggins a jami'ar UCLA da ke Los Angeles a Janairun 1969 tana da jaririya 'yar makonni a hannu. Watanni kaɗan bayan haka aka kama ta, ta yi kusan shekara biyu a tsare, an raba ta da 'yarta, har sai da aka yi watsi da tuhumar da ake mata a 1971. Mace ta fito daga wannan hali tana da shekara ashirin da 'yan kai, in da ta ce ta gaji da duniya ba mai ganin laifinta, amma sai ta je ta rungumi 'ya'yan mutane.

Yadda suka tsara makarantar shi ne ya fi burge ni. Ba a biyan ko kwabo. Yaro tun yana shekara biyu da rabi ake karɓarsa har wajen sha ɗaya, kuma sau uku ake ba shi abinci a rana, safe da rana da yamma, saboda sun san iyaye da yawa suna wajen aiki har dare, wasu kuma gidan ma ba abin ɗorawa. Akwai motar da ke ɗauko yara. Ana duba lafiyarsu, don wani yaron da ake ce wa ba ya ganewa ashe allon ne ba ya gani, wani kuma kunne ne. Sannan ba su bin tsarin aji ɗaya aji biyu bisa shekaru, inda ƙoƙarin yaro ya kai nan ake ajiye shi, yana iya yin nisa a lissafi alhali a karatu ana binsa a hankali, ba wanda zai masa dariya. Suna koyon lissafi da kimiyya da Sifaniyanci da zane da wasan kare kai, da tarihin baƙar fata wanda littattafan gwamnati suka tsallake. In yaro ya yi laifi akwai kwamitin yara 'yan uwansa da za su zauna da shi su ji me ya faru. Abin da malaman suka riƙe shi ne a koya wa yaro yadda zai yi tunani da kansa, ba a yi masa tunanin a ɗura masa ba.

Maganar abincin nan ba zan wuce ta da sauri ba don na gani da idona. Na taɓa koyarwa a wata firamare, akwai wani yaro a layin baya kusa da taga, kullum ƙarfe goma ba ta yi sai ya kifa kai a benci. Na yi faɗa, na sa shi tsayuwa, har na rubuta a raina cewa malalaci ne. Wata rana lokacin tara na ga ya tsaya nesa da mai awara yana kallon hannun yara, na kira shi na ce kai me ka ci yau, ya sunkuyar da kai ya ce Malam tun tuwon jiya da rana. Har yau in na tuna tsayuwar da na sa shi sai na ji kunya ta rufe ni. Malaman Oakland sun gane abin da ni sai da na zalunci yaro kafin na gane.

Kuma ba wai a ɓoye suke ba. Rosa Parks, fitacciyar mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ta ziyarce su, marubuta Maya Angelou da James Baldwin sun zo sun zauna da yaran, ka ga yaron da aka ce masa ba zai zama komai ba ga marubuci baƙi irinsa a gabansa yana amsa tambayarsa. A 1977 majalisar dokokin jihar ta yaba musu a hukumance, iyaye kuwa layi suke bi suna jiran gurbi.

Nasan wani zai ce ai wannan wariya ce, me ya sa ba za a gyara ta gwamnati ba kowa ya amfana. Ban ƙi ba, ita kanta Ericka ta shiga hukumar ilimi ta gundumar Alameda, wadda Oakland ke cikinta, a 1976 don a gyara daga ciki. Amma uwar da ɗanta ke da shekara shida yau ba za ta iya jiran gyaran da zai ɗauki shekara takwas a kotu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ta ƙare. An rufe makarantar a 1982 lokacin da ƙungiyar ke rugujewa, aka kuma tuhumi Huey Newton da taɓa kuɗin tallafin da gwamnati ta ba makarantar, daga baya a 1989 bai musanta tuhumar karkatar da dala 15,000 ba. Matan da suka kwana suka tashi a kan yaran nan shekara da shekaru ba su ci kwabo ba, amma makarantar na rataye a wuyan ƙungiya, da ƙungiyar ta faɗi sai ta tafi da ita. Ericka ta ci gaba da koyarwa a kwalejojin yankin Oakland, yaran da suka shiga suna shekara uku a 1973 kuwa yanzu duk sun haura hamsin.