Ku Rubuta Tun Ana Dariya

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, maza da mata.

Duk wanda ya taɓa zama a wurin sasanta rigimar kuɗi ya san tambayoyin ba su wuce 'yan kaɗan ba. "Ba mu rubuta komai ba, zan iya kai shi ƙara?" "Na sa hannu, amma wallahi ban karanta ba, dole ne in biya?" "Tsaya masa kawai na yi, shi ya ci kuɗin, me ya sa ni ake nema?" "Ya karɓi kafin alƙalami, aiki ya tsaya, ya daina ɗaukar waya." Tambayoyin ba su da laifi, makara kawai suka yi. Ranar da ya kamata a yi su ita ce ranar ƙulla maganar, ana musabaha ana dariya, kowa na cewa "haba, ai mu ne."

A ganina yawancin rigingimun nan ba da mugunta suke farawa ba. Mutum biyu ne suka yi magana, kowa ya tashi da tasa fahimta, kunya kuma ta hana ɗayansu ya ce "tsaya mu fayyace." Kana ganin idan ka ce a rubuta, abokinka zai ɗauka ba ka yarda da shi ba. To ka duba aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. A kan bashi take magana: a rubuta shi, a ambaci lokacin biya, marubuci ya rubuta da adalci, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Mutanen da aka fara karanta wa ayar nan Sahabbai ne. Idan su aka ce su rubuta, kai da abokinka wane irin riƙon amana kuke da shi da ya fi nasu? Mafi yawan malamai sun ce umarnin na shiryarwa ne, ba wajibi ba, amma wanda ya bar shiriyar ya san abin da ya bari.

Akwai wata hikima a ayar da ba a cika lura da ita ba. Wanda ake bi bashin shi aka ce ya faɗi abin da za a rubuta, ba mai kuɗin ba. Da bakinsa zai ce ana bina kaza, zan biya rana kaza. Gobe ba shi da damar cewa an ƙara masa, ko an rubuta abin da bai sani ba. Kai ma idan ka ba da rance, bar wanda ya karɓa ya rubuta da hannunsa, ko ya turo saƙon daga wayarsa.

Abin ya daɗe a duniya. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun tanadi cewa wanda zai ba wani ajiyar azurfa ko zinariya ya nuna wa shaidu, a rubuta. Idan ya ba da ba shaida ba takarda, mai ajiyar ya musa, to ba shi da ƙara.

Wannan ba ya nufin maganar baki banza ce. A yawancin tsarin shari'a, idan wani ya yi tayi, wani ya amince, kowa da hankalinsa, ba tilas ba yaudara, kuma abin da aka ƙulla a kai halal ne a doka, yarjejeniya ta ƙullu ko da alƙalami bai taɓa takarda ba. Wahalar tana wajen tabbatarwa. Ƙa'idar da hadisi ya kafa ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Kai da ka ce kana bi, kai za ka kawo shaida. Alƙali ba ya wurin ranar da kuka yi maganar, kuma hawayenka ba hujja ba ne. Sannan akwai ma'amalolin da dokokin ƙasashe da yawa suka ce sai da takarda, musamman cinikin fili da gida, da lamunin bashin wani. A Ingila tun 1677 aka kafa wannan sharaɗi, ƙasashe da dama kuma suka gaje shi.

Me za a rubuta? Ba sai da Turancin lauyoyi ba. A ce ka ba wani aikin fentin gida. Kun yi ciniki, kun daidaita a kan kuɗi, kowa ya tafi yana murna. Amma wa zai sayi fentin? Wane iri? Shafi ɗaya ko biyu? Cike tsagar bango yana cikin kuɗin ko daban yake? Yaushe zai gama? Idan kaya sun yi tsada ana tsakiyar aiki, wa zai ɗauki ƙarin? Kowace tambaya a nan rigima ce da ke jiran ranarta. Maganinta saƙo ɗaya ne kafin ka kwanta barci: "Kamar yadda muka yi magana yau, za ka yi fentin ɗaki biyu da falo, shafi biyu, fenti daga wurina, cike tsaga daga wurinka. Za ka gama ranar 20 ga wata. Na ba ka rabin kuɗin aiki, ciko sai ka gama na duba. Haka ne?" Ya amsa da "haka ne." Shi ke nan, kun sami abin riƙewa. Kotuna a ƙasashe da yawa suna karɓar irin wannan saƙo a matsayin hujja, don haka kada ka goge hirar, kada kuma ka dogara da hoton guntun saƙo. A bar zancen cikakke da kwanan watansa. Idan aiki ya yi nisa ka ce "ɗan haɗa mini da ƙofar nan," ka sani sabon ciniki ka buɗe. Ku yanke kuɗinsa a take. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya tarar mutanen Madina suna biyan kuɗin amfanin gona tun kafin ya nuna, ya yi umarni a yi shi da sanannen mudu, sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. "In Allah ya hore" ba lokaci ba ne, "ƙarshen wata" ma sai an ce wane wata.

Kafin alƙalami shi ma a fayyace shi. Idan mai saye ya fasa, za a mayar masa ko ya tafi ke nan? Idan mai sayarwa ne ya fasa fa? Jimla ɗaya ce, amma rashinta ya raba mutane da yawa.

Inda na fi jin tsoro shi ne kalmar nan: "ga wannan ka juya." Ɗan'uwa, kuɗin da aka miƙa maka ko ka miƙa da wannan lafazi, mene ne sunansa? Idan rance ne, wanda ya karɓa zai mayar da shi cif, ya ci riba ko ya faɗi, mai kuɗi kuma ba shi da ko sisi a ribar. Idan ajiya ce, ba a ba shi izinin taɓawa ba, kuma idan ta salwanta ba tare da sakacinsa ba, ba zai biya ba. Idan kuwa jari ne na ƙiradi, wato kuɗin wani da ƙarfin wani, to riba kaso ce da aka yanka tun farko, rabi ko sulusi ko yadda aka shirya, ba wani adadi tsayayye duk wata ba. Asara kuma tana kan mai kuɗi, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza, sai fa idan ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Hukunci uku mabambanta, kuɗi ɗaya. Muddin kasuwa na tafiya ba mai tambaya. Ranar da aka faɗi, mai kuɗi zai ce rance na ba ka, mai juyawa ya ce a'a, jari ka zuba, kuma kowannensu zai iya rantsuwa da zuciya ɗaya, domin abin da ya fahimta ke nan. Wanda yake so ya ci riba idan an samu, a kuma dawo masa da uwar kuɗinsa idan an faɗi, ya nemi abin da ba nasa ba.

Sai sa hannu. A 1934 wata mata mai suna L'Estrange, mai gidan shan shayi a Birtaniya, ta sayi injin sayar da sigari, ta sa hannu a takardar cinikin ba ta karanta ba. Injin bai yi aiki yadda ya kamata ba. Da ta kai ƙara, aka nuna mata wani sharaɗi da aka buga da ƙananan haruffa wanda ya wanke kamfanin. A ƙarshe kotu ta ce tunda ta sa hannu, kuma ba yaudararta aka yi ba, takardar ta ɗaure ta, ta karanta ko ba ta karanta ba. Daga baya an yi dokokin kare masu saye da suka rage kaifin irin waɗannan sharuɗɗa, amma asalin ƙa'idar tana nan. Danna "na amince" a manhajar ba da bashi ma sa hannu ne. Karanta wurin da ya yi maganar tarar jinkiri, da izinin da ka ba su a kan lambobin da ke wayarka. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbi a cikinta wai "za mu cike daga baya." Kada ka tashi ba ka karɓi kwafinka ba. Wanda ke gaggauta ka, yana cewa "sa hannu kawai, tsari ne," shi ne ya fi cancanta ka ce masa za ka tafi da ita gida ka kwana da ita.

Game da tsaya wa mutum kuwa, hadisi ya gama magana: mai lamuni mai biya ne. Ba shaida kake ba, ba rakiya ka yi ba. Cewa ka yi idan bai biya ba, ni zan biya. In ba za ka iya fitar da kuɗin daga aljihunka ba tare da gidanka ya girgiza ba, ba shi haƙuri tun yanzu. Fushin kwana biyu ne.

Wajen biya, a bar sawu. Idan ta banki ka tura, rubuta dalilin turawar a gurbin da aka tanada. Idan an ce ka tura asusun wani daban, sa a rubuto maka hakan tukuna, don kada gobe a ce ba a san wannan asusun ba. Idan hannu da hannu ne, rasit ko saƙon "na karɓa." Kai mai sayarwa, kada ka saki kaya don an nuna maka alat a waya, buɗe asusunka ka gani da idonka, alat na bogi ya yi yawa.

To rigima ta riga ta tashi, yaya za a yi? Abu na farko, riƙe bakinka da yatsunka. Ka hau Facebook ka kira mutum ɓarawo, ka sa hotonsa, sai ka wayi gari kai da kake bin kuɗi kai ake ƙara kan ɓata suna. Ka ƙwace babur ɗinsa ko wayarsa da ƙarfi, ka mai da kanka mai laifi. Kai maganar wurin 'yan sanda don su tsorata shi ma ba hanya ba ce: kasa biyan bashi rigima ce tsakanin mutum da mutum, ba laifin da ake kulle mutum a kai ba. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alƙawarin kwantiragi. Damfara daban take, wato wanda tun farko da ƙarya ya karɓi kuɗin, ya sayar da abin da ba nasa ba ko abin da babu shi.

Tattara hujjojinka, ka rubuta masa takarda cikin ladabi: ga abin da muka yi, ga abin da ya saura, ina neman a biya zuwa rana kaza. Sau da yawa amsar da zai bayar, ko da "ka ƙara mini lokaci" ce, ta zama iƙirarin da ba ka da shi a da. Kada kuma ka yi ta jira shekara da shekaru, domin ƙara tana da wa'adi. A Ingila, dokar 1980 ta ba da shekara 6 ga bashi da kwantiragi na yau da kullum, kowace ƙasa kuma da nata adadin. Tambayi lauya tun da wuri. Sannan nemi wanda ku biyun kuke jin nauyinsa ya shiga tsakani. Sulhu ya fi sauri, ya fi araha, kuma samun hukunci a kotu daban, karɓo kuɗin daban. Wanda ba shi da komai, ko alƙali ya ce ya biya, sai an jira ya samu. In an yi sulhun, shi ma a rubuta: nawa aka yafe, nawa ya rage, kashi nawa, wace rana.

Kai kuma da ake bi, ɗauki waya. Yawancin masu bin bashi ba rashin biyan ne ke ƙona musu rai ba kamar ɓuyan da rainin hankalin. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin matsi har ya samu, amma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce jan ƙafar mai hali zalunci ne. Ka san a wane ɓangare kake. Idan babu, je da ƙafarka kafin ranar ta cika, ka faɗi abin da za ka iya, ka kawo ko kaɗan ne. Idan akwai, kana sabunta waya alhali mai bin ka bashi na kallonka, kada ka yi mamakin abin da zai biyo baya.

Ranar da ka biya na ƙarshe, kada murna ta sa ka tashi haka nan. Karɓo takardar da ka sa wa hannu, ko a rubuta a jikinta cewa an biya duka, da kwanan wata da sa hannun mai kuɗin, a kuma sanar da shaidun da mai lamuni. In ka bar ta a hannunsa yadda take, ko shi bai taɓa neman ka ba, wata rana magadansa za su buɗe akwati su tarar da ita da sunanka, su kuwa ba su san an biya ba.